Babi na Tara: Alhakin Mai Zubawa

Ranar Lahadi, 24 ga Oktoban 1999, filin wasa na Giants da ke jihar New Jersey a Amurka ya cika maƙil, ana kallon irin ƙwallon nan tasu ta ɗauka da hannu da ture-ture. Cikin 'yan kallon akwai wani mutum da ya fara shan giya tun kafin a busa usur. Ƙa'idar masu sayar da abin sha a filin ita ce kada a ba mutum ɗaya fiye da kofi 2 a lokaci guda, amma shi da bakinsa ya faɗa daga baya cewa ya ba wani mai sayarwa na goro dala 10, aka miƙo masa 6. Da ya bar filin bai nufi gida ba, sai da ya biya ta wasu mashayu. Da yammacin ranar ya afka da motarsa a-kori-kura cikin motar wasu ma'aurata da ke ɗauke da 'yarsu mai shekara 2. Da aka auna jininsa, barasar da ke ciki ta kai 0.266, alhali a lokacin dokar jihar ta hana tuƙi tun daga 0.10. Yarinyar ta rayu, amma daga wuya zuwa ƙasa babu abin da ke motsi a jikinta, numfashi ma sai da na'ura. Aka ɗaure direban shekara 5.

Ɗaurin ya biya wa hukuma haƙƙinta, amma bai saya wa yarinyar ko ƙwayar magani ɗaya ba. Wanda ba ya iya numfashi da kansa yana buƙatar mai jinya dare da rana har ƙarshen ransa, kuma a Amurka wannan magana ce ta miliyoyin daloli. Direban ba shi da su, inshorar motarsa kuma ba ta kai ko'ina ba. Sai lauyoyin iyayen suka juya ga kamfanin Aramark, wanda ke da kwangilar sayar da abinci da abin sha a filin. A Janairun 2005 masu taimaka wa alƙali yanke hukunci suka ce a biya iyalin dala miliyan 135, kuma miliyan 105 daga ciki a wuyan kamfanin. A 2006 kotun ɗaukaka ƙara ta rushe hukuncin. Ta ce an bari an cika kunnuwan masu hukuncin da labaran yadda shaye-shaye ya zama jiki a filin, alhali abu ɗaya dokar jihar ke tambaya: shin an sayar wa wannan mutumin giya a lokacin da maye ya bayyana a jikinsa? Maimakon a sake shari'a daga farko, sai aka sasanta a kan kimanin dala miliyan 25.

Babban kamfani yana iya ɗaukar irin wannan nauyi ya ci gaba da harkarsa. Ƙaramar mashaya mai tebur goma ba ta iyawa, kuma idan ta kasa, wanda aka raunata ne ke tashi a tutar babu. Domin cike wannan giɓi aka ƙirƙiri inshorar alhakin barasa: mai mashaya, ko otal, ko gidan abinci, ko shago, yana biyan kamfanin inshora wani abu duk shekara, shi kuma kamfanin ya ɗauki alkawarin biyan diyya da kuɗin lauya idan wanda aka shayar a wurin ya je ya cutar da wani.

Na san akwai mai karatun da zai ce ina ruwanmu da inshorar 'yan giya. Ni ma ban rubuta babin nan don in gyara wa mai mashaya kasuwarsa ba. Giya haram ce a addininmu, kuma kamfanonin takaful, wato inshorar Musulunci, ba sa karɓar irin wannan harka ko kusa. Amma wanda wannan inshora ta fi amfana sau da yawa bai taɓa taka ƙofar mashaya ba. Yarinya ce a kujerar bayan mota, ko ɗan tasi da ke neman abincinsa da tsakar dare, kuma 'yan uwanmu da yawa suna wannan sana'a a New York da sauran biranen Amurka. Bayan haka, tunanin da aka gina dokar a kansa ba baƙo ba ne a wurinmu. Duk wanda ya zauna gaban malami ya ji hadisin da Tirmizi da Ibn Majah suka ruwaito, wanda ya lissafa mutum goma da tsinuwa ta hau kansu a kan giya, daga mai matsa ta zuwa mai dakonta, mai shayar da ita, mai sayar da ita da mai cin kuɗinta. Mai sha ɗaya ne kawai cikin goman. Abin da kotunan Amurka suka shafe fiye da ƙarni guda suna kai-komo a kansa ke nan: laifin ya tsaya ga wanda ya kai kofi baki, ko ya haɗa da hannun da ya cika kofin?

Tsohuwar dokar da Amurka ta gada daga Ingila ta tsaya ga mai sha. Hujjar alƙalai ita ce baligi mai hankali shi ya zaɓi ya sha, don haka shan ne sanadin ɓarna, sayarwar ba ta kai nan ba. Waɗanda suka fara girgiza wannan hujja ba lauyoyi ba ne. Masu wa'azin yaƙi da giya ne na ƙarni na 19, kuma mata ne ƙashin bayan tafiyar, matan da mazansu ke karɓar albashi ranar Asabar su ƙarar da shi a mashaya kafin su iso gida. A 1849 jihar Wisconsin ta yi dokar da ta wajabta wa mai sayar da giya ajiye jingina, wadda daga cikinta za a ɗauki nauyin zawarawa da marayu da matalautan da cinikinsa ya jefa cikin wahala. Ohio a 1870 da Illinois a 1872 suka ba matar mashayi da 'ya'yansa damar kai mai mashaya ƙara don ya raba su da mai ciyar da su. A lura da wanda doka ke karewa a wancan zamani: matar da aka bari babu cefane. Ba a san haɗarin mota ba tukuna. Mutum ya bugu ya hau doki, galibi dokin ya san hanyar gida.

Daga Janairun 1920 zuwa Disambar 1933 Amurka ta haramta sayar da giya baki ɗaya, kuma da aka janye haramcin sai sha'awar irin waɗannan dokoki ta yi sanyi. Jihohi da dama suka soke nasu. Mota ce ta dawo da maganar. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu mutane suka koma unguwannin bayan gari, mashaya ta koma bakin babbar hanya da filin ajiye motoci a gabanta, wanda duk ya shigo da mota kuma da mota zai fita. A 1959 Kotun Ƙolin New Jersey ta duba ƙarar da aka sani da shari'ar Rappaport: wani matashi da bai kai shekarun sha ba ya zaga mashayu 4 a birnin Newark ana ba shi, ya fito ya tuƙa mota ya kashe mutum. Kotun ta ce ba a buƙatar wata doka ta musamman. Wanda ya shayar da yaro ko wanda ya riga ya bugu, a zamanin da kowa ke yawo da mota, ya san abin da ka iya biyo baya, kuma yin hakan sakaci ne kamar kowane sakaci. Kalifoniya ta bi wannan layi a 1971, har a 1978 kotunta ta shigo da mai gida da ya shayar da baƙinsa. Nan fa aka yi ca, majalisar jihar ta tashi a wannan shekarar ta soke hukunce-hukuncen da doka, ta bar ƙofa ɗaya a buɗe: mai lasin da ya sayar wa ƙaramin yaro da maye ya bayyana a jikinsa.

A watan Mayun 1980 wani direba da aka sha kama shi da tuƙi cikin maye ya kashe wata yarinya mai shekara 13 a Kalifoniya. Mahaifiyarta, Candy Lightner, ta kafa ƙungiyar iyaye mata da aka sani da MADD, kuma cikin 'yan shekaru ta sauya yadda ƙasar ke kallon al'amarin. A 1982 mutum sama da 21,000 suka mutu a haɗurran da direba ya sha ya wuce ƙa'ida. A 1984 Shugaba Reagan ya sa hannu a dokar da ta tilasta wa jihohi mayar da shekarun sayen giya 21, in ba haka ba a rage musu kuɗin gina hanyoyi. A 1987 Kotun Ƙolin Texas ta ɗora wa masu shayarwa alhaki, majalisar jihar kuma ta yi dokarta a shekarar. Yau jihohi fiye da 40 suna da wani nau'i na wannan doka. 'Yan kaɗan sun ƙi, cikinsu har da Nevada, inda birnin Las Vegas yake, da Virginia da Maryland. Mace-macen sun ragu, amma a 2022 ma sun haura 13,000, kusan kashi ɗaya cikin uku na duk wanda ya mutu a kan titi.

Abin da mai ƙara zai tabbatar a yawancin jihohi ɗaya ne cikin biyu: ko an shayar da wanda bai kai 21 ba, ko an ci gaba da ba mutum alhali ana ganin ya bugu. Na farkon mai sauƙi ne, takardar haihuwa ta raba gardama. A na biyun ake gumurzu. Lauyoyi suna neman rasit ɗin daren su ƙirga kofi nawa cikin minti nawa, su karɓi hoton kyamarar tsaro su ga ko mutumin yana tangaɗi, su kira waɗanda suka zauna kusa da shi su faɗi ko harshensa ya karye, ko idonsa ya kaɗa. Sai a kawo masanin guba ya yi lissafi da baya. Hanta tana rage barasar jini da kimanin 0.015 a kowace awa, don haka daga awon da aka yi bayan haɗari ana iya ƙiyasta yadda jinin yake lokacin da aka miƙa kofin ƙarshe. Lauyan mashaya kuma zai ce lissafi daban, ido daban: tsohon mashayi yana iya zama daram a kujera, yana magana tiryan-tiryan, alhali jininsa ya ninka ƙa'ida biyu. Wannan gaskiya ne, kuma a nan nake tausaya wa ma'aikaciyar da ke kai abin sha. Sau da yawa yarinya ce ɗaliba, wadda rabin abin da take samu kyautar masu sha ce, a cikin duhu da ƙarar kiɗa, tana hidimar mutum hamsin. Ita doka ta ɗora wa ta dubi ƙato ta ce masa ya isa haka. In mai wurin bai tsaya a bayanta ba, ba za ta iya ba.

Mu dawo kan takardar inshorar kanta. Ɗan kasuwa a Amurka yakan sayi inshorar alhaki ta gama-gari, wadda ke biya idan wani ya zame a daɓen shagonsa ko allon talla ya faɗo wa mai wucewa. Masu mashaya da yawa sun ɗauka wannan ta wadatar, sai ranar da sammaci ya zo suka karanta sakin layin da ya ce: in sana'arka ita ce yin barasa, rarraba ta, sayar da ita ko shayar da ita, duk ɓarnar da maye ya jawo ba ta cikin alkawarinmu. Kamfanin da ba sana'arsa ke nan ba, kamar ofishin da ya yi walimar ƙarshen shekara ya raba wa ma'aikata abin sha kyauta, yawanci inshorarsa ta gama-gari tana rufe shi. Amma da zarar kuɗi ya shiga tsakani, sai an sayi ta musamman. Ba mashaya kaɗai ba: otal, gidan abinci, masu dafa abincin biki, filin wasa, shagon gidan mai da ke ajiye kwalabe a firij, duk suna cikin layi.

Wanda ya san inshorar motar nan da direbobinmu ke ajiyewa don nuna wa 'yan sanda, wadda hukumar inshora ta NAICOM ta mayar da kuɗinta naira 15,000 daga Janairun 2023, ya riga ya fahimci ginin. Ba motarka take gyarawa ba, wanda ka buge take biya. Haka wannan: ba ta mayar wa mai mashaya kwalaben da aka fasa, ba ta biya masa tarar hukuma, ba ta dawo masa da lasin da aka ƙwace. Mutumin waje take biya, sannan ta ɗauki lauyan da zai kare mai wurin. Adadin da aka fi saye shi ne dala miliyan 1 a kan kowane haɗari. A nan akwai abubuwan da mai saye ke tuntuɓe da su. Wata takardar tana cire kuɗin lauya daga cikin miliyan ɗin, ta yadda shari'ar shekara uku za ta cinye kaso mai tsoka kafin a zo maganar diyya. Wata kuma tana biyan lauya daban. Wata ta cire faɗa da duka gaba ɗaya, ko ta yanke musu ɗan ƙaramin kaso, alhali rikicin da ya fi yawa a gidajen rawa shi ne wani ya fasa wa wani kai da kwalba, ko masu tsaron ƙofa su yi wa mutum jina-jina wajen fitar da shi. Kuma in aka samu lasin wurin ya ƙare ko an dakatar da shi a daren da abin ya faru, kamfanin zai zare hannunsa.

Farashin kuwa ba a yanke shi da ka. Jami'in kamfanin zai tambayi cinikin barasa na shekara, domin a kansa ake lissafi. Zai tambayi kashi nawa na cinikin wurin abinci ne, kashi nawa abin sha. Ƙarfe nawa ake rufewa? Akwai filin rawa? Ana karya farashi da yamma, ko a ce biya ɗaya ka sha iya cikinka? Wurin yana kusa da jami'a? An taɓa kai ku ƙara? Gidan abincin da ke rufewa ƙarfe 10, wanda barasa ba ta wuce kashi 20 cikin 100 na cinikinsa ba, yana biyan abu kaɗan. Gidan rawar da ke kaiwa ƙarfe 2 na dare yana biyan ninkin-ba-ninkin, wani ma ba ya samun mai karɓarsa.

A ganina wannan jerin tambayoyi shi ne amfani mafi girma da inshorar ta kawo, fiye da diyyar kanta. Sufeton hukuma yakan leƙa mashaya jefi-jefi. Kamfanin inshora kuwa kuɗinsa ne a ciki, duk shekara sai ya sake duba ka, kuma harshen da yake magana da shi mai kasuwa yana jin sa sarai. Ka horar da ma'aikatanka, a rage maka. Ka daina gasar shan giya, a rage maka. Ka ƙi, a ƙara, ko a sallame ka. Shirin horarwa na TIPS, wanda Dakta Morris Chafetz ya kafa a 1982, ya bazu ne da taimakon irin wannan matsi. Ana koya wa ma'aikaci duba katin shaida, ƙirga kofi, jinkirta na gaba, kawo abinci da ruwa, da yadda ake hana mutum ba tare da an ci masa fuska ba. Texas ta sa abin cikin dokarta: mai wurin da ya wajabta wa ma'aikatansa horon da hukuma ta amince da shi, suka kuma halarta, bai kuma zuga su su karya doka ba, yana iya kuɓuta daga laifin ma'aikacinsa.

Akwai masu cewa inshora tana kashe tsoro: wanda ya san wani zai biya masa, me zai sa ya kula? Maganar tana da ƙamshin gaskiya, kuma ita ce sukar da ake yi wa kowace irin inshorar alhaki. Amma abin da aka auna ya nuna dokar tana aiki. Wani kwamitin ƙwararru kan rigakafin cututtuka, wanda hukumar lafiya ta CDC ke tallafa wa, ya tattara binciken da aka yi a jihohi daban-daban, aka wallafa a 2011, ya samu cewa inda ake ɗora wa mai shayarwa alhaki, mace-macen haɗarin mota masu alaƙa da barasa sun ragu da kimanin kashi 6 cikin 100. Kashi 6 ba ya cika baki, sai ka tuna daga cikin dubbai ake cire shi, kuma kowane ɗaya ɗan wani ne.

Yanzu ga jihohi biyu da suka kama bakin igiyar biyu. Texas tana da dokar alhaki amma ba ta tilasta sayen inshorar ba. A Disambar 2021, a birnin Corpus Christi, masu taimaka wa alƙali suka yanke wa wata mashaya diyyar dala biliyan 301, saboda a 2017 ta cika wani mutum da giya ya fita ya kashe wata dattijuwa da jikarta mai shekara 16. Ba a taɓa jin adadi irin wannan a shari'ar rauni ba. Amma mashayar ta riga ta rufe tun 2019, kuma lauyoyin iyalin da kansu sun ce ba su sa ran karɓar kuɗin. Saƙo suke son aikawa. Na fahimci zafin da ya haifi wannan adadi, sai dai hukuncin da babu mai biyansa bai share wa kowa hawaye ba.

Carolina ta Kudu ta so ta kauce wa haka. A 2014 wani direba da ya bugu ya yi wa wani ɗan sandan garin Dillon raunin da ya nakasa shi, aka je ga mashayar da ta shayar da direban aka tarar ba ta da inshora. Majalisa ta yi doka, daga 1 ga Yulin 2017, duk mai sayar da barasa a sha a wurinsa bayan ƙarfe 5 na yamma sai ya riƙe inshorar dala miliyan 1. Niyyar kyakkyawa ce. Matsalar ita ce a lokacin akwai wata ƙa'ida da ke nan tun da: a shari'ar da barasa ta shiga, duk wanda aka samu da hannu, ko da kashi 1 cikin 100 ne laifinsa, ana iya sa shi ya biya diyyar duka. Haɗa waɗannan biyun ka ga abin da zai faru. Mutum ya sha kofi ɗaya a gidan abinci ƙarfe 7, ya wuce wasu wurare uku, ya ƙarasa da kwalba a gidan abokinsa, ya yi haɗari ƙarfe 2. Shi ba shi da komai, amma kowane wurin sayarwa da ya taka yana da miliyan guda a ajiye, kuma lauya ya san da haka. Kamfanonin inshora suka gwammace su sasanta da su je gaban kotu, asara ta taru, rahoton hukumar inshorar jihar na 2024 ya nuna shekara da shekaru abin da suke kashewa a wannan layi ya zarce abin da suke karɓa nesa ba kusa ba. Wasu suka tattara suka bar jihar, waɗanda suka rage suka ninka farashi. A 2023 da 2024 mashayu da gidajen kiɗa da ƙananan gidajen abinci suka yi ta rufewa, har da waɗanda ba a taɓa kai su ƙara ba. An gudu daga gara an faɗa gidan zago.

Wani zai ce to madalla, mashaya ta rufe. Ban yi baƙin cikin rufewar kowace mashaya ba, amma a duba wa ya rufe. Tsarin bai bambanta mai kula da marar kula ba; ƙarami ya kashe ya bar babba, mai sha kuma bai daina ba, wuri ya sauya. Dokar da ke cin mai taka-tsantsan daidai da mai ganganci ta zubar da makaminta mafi kaifi, domin ba ta bar wa kowa dalilin gyara halinsa ba. A Mayun 2025 Gwamna Henry McMaster ya sa hannu a gyaran da ya fara aiki 1 ga Janairun 2026. Horar da masu shayarwa ya zama dole. An rage yadda ake jibga wa wuri ɗaya diyyar duka. Wanda kuma ya daina sayarwa da ƙarfe 12 na dare, ko barasa ba ta kai kashi 40 cikin 100 na cinikinsa ba, ko ya sa na'urar tantance katin shaida, ana sauke masa adadin inshorar da aka wajabta, amma ba ƙasa da dala 300,000 ba. Wato abin da jami'in inshora ke tambaya a ofishinsa, shi majalisa ta ɗauko ta mayar doka.

Sauran ƙasashen da suka gaji dokar Ingila ba su taru a kan ra'ayi ɗaya ba. Kotun Ƙolin Kanada tun 1973 ta kama wani otal da laifi don ya kori mutumin da ya san ya yi tatul, ya bar shi ya bi babbar hanya da ƙafa cikin dare har mota ta buge shi. Babbar Kotun Ostireliya kuwa a 2009 ta ce mai mashaya ba shi da wajibcin kare baligi daga sakamakon abin da ya zaɓa ya sha. A Ingila dokar lasin ta 2003 ta ɗauki sayar wa wanda ya bugu a matsayin laifi mai tara, amma da wuya ka ji an bi mai mashaya da diyyar haɗarin mota. Inshorar motar direban ce ke biyan wanda aka raunata, kuma ba ta da iyaka a kan raunin jiki. A Amurka kuwa jihohi da yawa suna barin mutum ya hau titi da inshorar da ba ta wuce dala 25,000 ga mutum ɗaya ba, ga kuɗin asibiti da tsada. Wannan ma yana cikin dalilan da suka sa ake bin mai mashaya a can fiye da ko'ina.

Ni dai ina tare da Kanada da New Jersey. Direban da ya sha ya tuƙa shi ne babban mai laifi, kuma bai kamata a sauke masa ko ƙwayar zarra ba. Amma idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Wanda ya ga mutum yana layi, makullin mota a hannunsa, ya sake cika masa kofi don ribar dala biyu, ya sa hannu a abin da zai faru a titi, kuma adalci ne a ce ya tanadi abin biya tun kafin ranar ta zo. Sharaɗin kawai shi ne a auna masa gwargwadon laifinsa.

Tambayar ba ta tsaya a Amurka ba. A tashoshin mota da dama na Najeriya ana sayar wa direbobi barasar leda da haɗe-haɗen ƙwayoyi a gaban fasinjojin da za su ɗauka, hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC kuma ta daɗe tana kuka da haka. A Mayun 2018 gwamnatin tarayya ta hana yin maganin tari mai kodin da shigo da shi, bayan binciken BBC ya nuna yadda yake fita ta bayan gida daga kamfanoni zuwa hannun matasa, a Kano da wasu garuruwa. Mun saba a kama mai sayarwa, a ƙona kayansa a gaban 'yan jarida, a ci shi tara ta shiga asusun gwamnati. Matar da direban ya mayar bazawara ba ta ganin ko sisi daga ciki. Ina kira ga 'yan majalisunmu na jihohi da lauyoyinmu da malaman fiƙihu, waɗanda babin diyya da lamuni ba baƙo ba ne a wurinsu, su zauna su duba yadda wanda aka cuta zai iya bin mai sayar da kayan maye da haƙƙinsa a gaban alƙali.